Fatu Biyun da Kawu Ya Bar wa Inna

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu ranar wata Alhamis da hantsi, a ɗakinsa da ke Nguru, ana cikin dama masa kunun tsamiyar da ya ce yana marmari. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah Ya yi masa rahama.

Ba kuka ne ya sa na ɗauki biro ba, kuka na yi shi har na gaji. Haushi ne ya sa ni. A kwana ukun da muka yi na zaman makoki na ji ana ba da labarin mutuwar Kawu a karkace, kuma na san idan na yi shiru haka labarin zai zauna, jikokinsa ma haka za su gaje shi.

Maza dai a waje ba su faɗi abin da ya ɓata mini rai ba. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar zaure har bakin masallaci. Majema abokan sana'arsa sun zo, dukawa sun zo, ga Fulanin da suka yi shekara da shekaru suna kawo masa fata daga Dapchi da Jajimaji. Abin da maigidana ya jiyo mini daga bakinsu duk ɗaya ne, wai ba a taɓa kwance ɗaurin fatar Kawu an tarar da mai huji a ɓoye a tsakiya ba. Wani tsohon baduku ma cewa ya yi daga yau ya daina ɗinka jaka, don ba shi da inda zai ƙara samun fatar da ta cancanci hannunsa. Na san ba zai daina ba, amma na ji daɗin maganar.

A cikin gida abin yake. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta yi mana ya haƙuri, ta yi addu'a, sai ta gyara zama ta sassauta murya. Ashe dai sai da aka kai shi asibiti. Ashe sai da aka sa masa wuƙa. Ai ciwon daji ba ya son ƙarfe, wa bai sani ba, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wata maƙwabciya har rantsuwa ta yi, wai da an bar bawan Allah da garin maganinsa da yanzu yana majema yana aikinsa. Wata ta kawo labarin surukarta, wata ta kawo na mijin yayarta, kowacce da gawar da take ɗora wa wuƙar likita. Inna, mahaifiyata, ƙanwar Kawu, tana zaune a tsakiyarsu da carbi tana gyaɗa kai. Duk sanda ta gyaɗa sai ta ɗago ta dube ni, kuma ba fuskata take duba ba, ƙirjina take duba.

Gara in faɗa tun yanzu. A lokacin ina da ƙullutu a nonona na hagu, ya kai ƙwallon dabino. Wata huɗu kenan da likita a Gashuwa ya ba ni takarda in kai babban asibitin Nguru a ciri ɗan nama a duba. Ranar da na nuna wa Inna takardar, ta ajiye muciya ta ce idan na bari aka sa mini ƙarfe a nonon nan, ba ta yafe mini nata da na sha ba. Maigidana ya ce shi ko yau a shirye yake, amma ba zai shiga tsakanin uwa da 'ya ba. Sai na ninke takardar na tura ta ƙasan akwati. Yanzu ga shi an sake ba ni rana, Litinin, kwana huɗu da rasuwar Kawu, ga Inna ta samu mata cike da tsakar gida suna tabbatar mata da abin da ta riga ta yarda da shi.

To bari in faɗi waye Kawu, sannan a ga ko wuƙa ce ta kashe shi.

Ina da shekara shida mahaifina ya rasu a Gashuwa. Masunci ne, bai bar mana komai ba sai taru da kwalekwalen da ke shan ruwa. Kawu ya zo ya kwashe mu ni da Inna ya kai mu Nguru, ya ba mu ɗakin da ya fi kowanne iska a gidansa. A wannan gida na tashi, da warin majema a kayana da gashina. A makaranta 'yar wari ake ce mini, kuma ba a faɗa sau biyu ban yi dambe ba. Kawu ya ji labari. Daga nan sai na lura duk ranar da zai zo ɗaukata, sai ya yi wanka da sabulu har sau biyu, ya sa rigar Juma'arsa, sannan ya tsaya can nesa gindin wata bishiyar maina don kada yara su gan mu tare. Ranar da na gane dalili na je na kama hannunsa na ja shi har bakin ƙofar makaranta ina huci. Ya bi ni yana dariya yana cewa wannan yarinya zuciyarta ta fi ta girma.

Kalma ɗaya ce duk wanda ya san shi ya san shi da ita: a tsame. Daga majema ya samo ta, ya kawo ta gida, ya hana mu sakat da ita. Ganyen shayi ya daɗe a buta, a tsame. Mun daɗe muna wanka a ruwa, sai ka ji muryarsa daga bakin gaɓa, a tsame su. Inna ta tsaya hira a gidan suna har tuwo ya huce, a je a tsame ta. Akwai Juma'ar da liman ya ja huɗuba rana tana dukan mutane, aka ji Kawu a sahu yana cewa ƙasa ƙasa, Allah Ka tsame mu. Mutum uku suka fita sake alwala don dariya, ko kuwa haka aminin Kawu yake ba da labarin. Shi wannan amini majemi ne shi ma, Bamange, wato ɗan ƙabilar Manga, tare suka koyi aiki tun suna samari, mu kuma Baba muke kiransa.

Sai da na yi wayo na gane inda kalmar ta fito. Fata idan ta zo, a ruwan toka da farar ƙasa ake fara jiƙa ta har gashi ya saki, a kankare shi da kartaji, wato ƙarfen nan mai mariƙi biyu. Daga nan fatar a kumbure take, a sandare, ba ta da amfani. Sai a dama kashin tantabara a ruwa mai ɗumi cikin kwatarniya a tsunduma ta. Akwai wani abu a cikin kashin da ke cin fatar a hankali, yana sassauta ta daga ciki, har ta yi laushi ta iya shan bagaruwa. Duk aikin jima, in ji Kawu, a wannan kwatarniya yake. Ka cire da wuri, fata ta fito da tauri. Ka bari ta daɗe, abin ya ci gaba da ci har ya cinye ƙarfinta, ka ja ta yage a hannunka. Irin wannan fatar cewa suke ta wuce. Shi ba ya duba agogo. Babban yatsansa yake dannawa a jikinta, idan shaidar yatsan ta zauna ba ta taso ba, sai ka ji ya ɗaga murya. Ko salla aka kira, sai an tsame sannan ya yi alwala. Ban taɓa ganin fata ta wuce a hannunsa ba.

Yana da taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Kuma wannan magana ta daji ba ya son ƙarfe, wallahi babu wanda ya kai Kawu riƙe ta. Daga bakinsa Inna ta ɗauka, shi kuma daga bakin kakarmu.

Wani baƙin tabo ya fito masa a diddigen dama. Ya ce ruwan toka ne. Tabon ya faɗaɗa, ya fashe, ya ƙi warkewa. Ya ce bagaruwar da ke gyara fatar akuya ba za ta kasa gyara tasa ba, ya riƙa barbaɗa garinta yana ɗaurewa da tsumma. Lokacin na yi aure na koma Gashuwa ina koyarwa a firamare, Inna ma ta dawo wurina. Na zo hutu na ga ƙafar, hankalina ya tashi, na ce gobe sai asibiti. Ya ce idan daji ne ai asibiti ne inda bai kamata ya je ba. Na ce wannan jahilci ne. Haka na faɗa, a tsakar gidansa, a gaban matarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce ashe kuɗin makarantar da fata ta biya, abin da ya sayo kenan. Sallar da ta biyo baya na aika masa da hula, ya dawo mini da ita a ledarta ko buɗewa bai yi ba. Na yi kuka, na kuma yi fushi, na ce ni ma ba zan ƙara magana ba. Na cika alkawari kuwa, kuma wannan shirun nawa yana cikin abubuwan da nake roƙon Allah Ya yafe mini.

Shekara biyu ana haka. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ta ƙi sauka, ya ce ai kowane ciwon ƙafa yana saukar da kaluluwa. Abin da ya kai shi asibiti a ƙarshe ba ni ba ce, hancinsa ne. Wata safiya ya kwance tsumman, ya kira Baba ya ce masa wannan warin ya san shi, shekara hamsin yana jin sa a bakin kwatarniya, kuma bai taɓa jin sa a jikin fatar da za ta gyaru ba. Baba ne ya yi mini waya. Na hau motar farko.

An yanke wurin, an ɗauki hoton cikinsa, aka ce mu dawo. Likitar da ta zaunar da mu yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta ce abin ya riga ya kai hanta, magani zai rage masa zafi amma ba zai tsayar da shi ba. Ni na fara hawaye. Kawu kuwa gyara zama ya yi, ya ce ta yi masa bayani, yaya ciwon da ke diddige ya yi tafiya har hanta, da wace ƙafar.

Allah Ya saka wa yarinyar nan, ba ta yi masa kallon tsohon da ba zai gane ba. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowacce tana zaune a cikin wata saƙa ta zaruruwa masu ƙarfi da ake kira furotin, saƙar ce ke riƙe kowa a mazauninsa. Daji yana farawa ne idan wasu ƙwayoyi suka shiga hayayyafa babu tsari. Da fari saƙar tana tsare su wuri ɗaya, a lokacin idan aka cire wurin duka, sau da yawa an gama. Amma idan suka samu lokaci sai su fara fitar da wasu sinadarai da aikinsu shi ne narkar da furotin, har su sa lafiyayyun ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su su taya su fitarwa. Sinadaran nan su ne ke tsinka saƙar zare bayan zare. Wuri ya buɗe, ciwon ya samu inda zai girma, sabbin jijiyoyin jini su samu hanyar zuwa su ciyar da shi, ƙwayoyin kuma su huda bangon jijiya su faɗa cikin jini, ko su bi hanyar ruwan jiki su sauka a kaluluwa. Ta faɗi sunan sinadaran da Turanci, enzayim, ta ce kamar yadda ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi.

Kawu ya ce, "'Yata, ni ba mahauci ba ne. Kashin tantabara kike nufi."

Ba ta gane ba, sai ya kwashe aikin kwatarniya kaf ya faɗa mata, har da yatsa. Ta saki baki tana kallonsa. Ta ce ai dangin abu ɗaya ne, abin da ke cikin kashin tantabara shi ma furotin yake narkarwa, ita kuma fatar da yake jima, wannan saƙar ce da kanta. Ban taɓa ganin mutum an gaya masa ajalinsa ya kusa yana murna ba sai ranar. Ya dafa gwiwata yana cewa kin ji, kin ji, ashe sana'armu ɗaya da ciwon nan.

Ya yi ta jero mata tambayoyi. Guba ce ta shigo daga waje? Ta ce a'a, jiki yana da su tun asali kuma yana bukatarsu, da su ciwo ke warkewa, da irinsu ciki ke narkar da nama, da su mahaifa ke komawa daidai bayan haihuwa. Daji karɓe su yake ya sake su babu linzami. Ya ce to su a majema idan suna so cin ya tsaya, wankewa suke su zuba bagaruwa, ina bagaruwar likitoci? Ta ce masana sun daɗe suna nema, an gwada magungunan da za su ɗaure sinadaran amma ba su ba da abin da aka sa rai ba, domin suna da yawa iri iri, wasu ma kare jiki suke, idan ka ɗaure su duka ka cuci mai jikin. Ana kan aiki, in ji ta, amma har yanzu babu abin da ya kai a gano da wuri a cire.

Sannan ya ƙirga da yatsu, ya ce kaluluwarsa ta girmi wuƙarsu da wata bakwai.

"Ashe ba ƙarfe ba ne," in ji shi. "Ni na bar ta a kwatarniya."

A cikin adaidaita muna komawa gida ya ce in aiko masa da hular nan idan ban bayar ba. Iyakar ban haƙurin da muka yi wa juna kenan, kuma ya ishe ni.

Yanzu ga abin kunyar. Ni da na kira shi jahili a gaban matarsa, duk zaman nan da aka yi takardata tana ƙasan akwati a Gashuwa. Na ɗauka babu wanda ya sani sai Inna da maigidana. Na manta da wa nake zaune. Mutumin da ke gane fatar akuya mai ciwo tun daga nesa, shi zan ɓoye wa? Ya ga yadda na yi wa likitar tambayar da ba ta shafi ƙafa ba, ya ga ina sauya wa jaka kafaɗa. Wata rana da yamma ina ba shi magani ya riƙe kofin bai sha ba, ya ce ke ma akwai abin da kika jiƙa kika bari. Na faɗa masa komai, har da rantsuwar Inna. Ya tambayi wata nawa. Da na faɗa sai ya rufe ido. Washegari ya sa na koma wurin likitar ta duba ni, ita ce ta rubuta mini wannan Litinin ɗin.

Sannan ya aika a kira Inna daga Gashuwa. Ban taɓa jin sun yi faɗa ba sai ranar, ga shi kwance ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Ya ce shi ya koya mata maganar nan, kuma ƙarya ya koya mata, ta janye rantsuwarta. Inna ta ce Yaya, kafin a yanka ka da ƙafarka kake zuwa majema, yanzu dube ka. Ya yi mata bayanin saƙa da zaruruwa, ta ce ita ba ta san wannan ba, abin da idonta ya gani ta sani. Ya ce ita 'yar majema ce, ta fi kowa sanin abin da yake faɗa. Ta ce 'ya ɗaya Allah Ya bar mata, ba za ta kai ta mahauta da hannunta ba. Tana faɗa tana kuka. Ina bakin ƙofa ina ji, haushinta ya cika ni, tausayinta kuma ya fi haushin yawa, don na san ba ƙina take ba, tsoro ne ya kama ta ya ƙi saki.

Bai ƙara tayar mata da maganar ba. Bayan kwana biyu da safe na fito na tarar babu shi a ɗaki, wai Baba ya ɗauke shi a adaidaita sun tafi majema. Mutumin da ba ya iya zama sai an tallafe shi! Da suka dawo na wanke su tas su biyun, na ce wa Baba idan so yake ya ƙarasa amininsa ya faɗa mana. Baba ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce a bar ta, zuciyarta ce har yanzu ta fi ta girma. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya.

Ranar Lahadi, an yi sadakar uku an watse, mata sun ragu sai na jiki. Baba ya yi sallama daga zaure ya ce yana da saƙon mamaci zuwa ga ƙanwarsa. Aka ce ya shigo. Ya shigo da wani abu a naɗe cikin buhu, ya durƙusa a gaban Inna ya warware. Fatun akuya ne guda biyu, jemammu, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya.

Ya ce ranar da suka je majema, Kawu da kansa ya zaɓe su. Toka ɗaya suka sha, kartaji ɗaya ya kankare su, kwatarniya ɗaya aka tsunduma su. Kawu yana zaune a kujera aka riƙa miƙo masa yana danna yatsa, da lokaci ya yi ya ce a tsame ɗaya. Ɗayar kuma ya ce a bar ta sai jibi, sannan a wanke a ba ta bagaruwa kamar 'yar'uwarta. Baba ya ce ya roƙe shi, fata ce mai kyau, bai taɓa lalata fata da gangan ba tun da uwarsa ta haife shi. Kawu ya ce wannan ba lalatawa ba ce, wasiƙa ce, tun da ƙanwarsa ba ta iya karatun boko ba amma ta iya karatun fata.

"Ya ce in gaya miki magana ɗaya kawai," in ji Baba. "Ƙarfe ɗaya ya taɓa su."

Ya tashi ya fita yana share ido da hannun riga.

Maƙwabciyar nan mai rantsuwa ta fara cewa ai wannan daban, mutum daban, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta jawo fatar farko, ta murza ta, ta ja ta da hannu biyu yadda ta ga ubansu yana yi, fatar ta miƙe ta dawo. Ta ajiye. Ta jawo ta biyun. Ba ta ma ja ba, babban yatsanta kawai ta danna, yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Ta zauna haka da fatar rataye a yatsanta, tana kallonta, har aka kira la'asar. Ta naɗe su biyun ta shiga da su ɗaki.

Ni kuwa na riga na yanke. Na gaya wa maigidana gobe zan je, da yardar Inna ko babu, idan ya so in ɗauki fushinta in je da shi gaban Allah in yi bayani. Faɗar ta fi yin sauƙi. Da asuba na idar da salla, na ɗaura ɗankwali. Na ɗauki takardar, na tsaya a ƙofar ɗakin da Inna take don in yi mata sallama, ko ta amsa ko kada ta amsa. Babu kowa a ɗakin.

A zaure na same ta, zaune a kan dakalin Kawu, ta yafa mayafinta na fita, takalminta a ƙafa, jakar ledarta a cinya. Bakin fatar nan mai huji yana leƙowa daga ledar. Ta ce na cika nawa, rana tana yi. A hanya ta riƙe mini hannu har sai da yatsuna suka yi tsami.

Likitar ta gane Inna ko ba a gabatar ba. Ta fara yi mata bayanin abin da za a yi, allura ce mai ɗan kauri, ɗan nama kaɗan za a cira, idan an duba aka ga daji ne sai a sa ranar aiki. Inna ba ta bari ta kai ƙarshe ba. Ta juyo gare ni tukuna.

"Nonon da kika sha halalinki ne, duniya da lahira," ta ce. "Na janye."

Sannan ta dubi likitar, ta faɗa da irin yadda yayanta yake faɗa a bakin kwatarniya.

"'Yata, a tsame."

Shi ne. An duba an ga dajin ne, an yi aikin, kuma likitar ta ce bai kai ga kaluluwar hammata ba. Akwai sauran magani a gabana, mai wahala, kuma zan sha shi har ƙarshe. Wannan rubutun ma a zaune nake yin sa da matashi a ƙarƙashin hannun hagu, don bai fara ɗaguwa sosai ba.

Ranar sadakar arba'in ban iya zuwa Nguru ba, Inna ce ta je. Matar Kawu ta ba ni labari a waya. Wai wata baƙuwa daga cikin dangi ta gyara zama ta sassauta murya, ta fara ashe dai sai da aka sa masa wuƙa. Inna ba ta yi mata musu ba. Ta buɗe leda, ta shimfiɗa fatu biyu a tsakiyar tabarma, ta ce wa matar ta miƙo yatsanta.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa taurin kansa, Ka yafe mini nawa. Ya yi shekara hamsin fata ba ta wuce a hannunsa ba sai guda biyu, tasa da wadda ya bar wa Inna. Ya Allah, don ta biyun, Ka tsame shi daga wuta.